Wane ne Samanja, kuma yabo ne ko suka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malami ne a wata makarantar sakandare ta kwana, kuma ni aka ɗora wa kula da ladabtar da ɗalibai. Kwanan nan na gano cewa yaran sun laƙaba mini suna Samanja a bayan idona. Wani abokin aikina ya ce yabo ne, wani kuma ya ce mugu suke nufi. Ina so a warware mini: daga ina kalmar ta fito? Duk sojan da ke horar da kurata ne ake kira samanja? In kuma aka kira farar hula da ita, me ake nufi?

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullahi. Malam, Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi da aka ɗora maka. Abokin aikinka na farko ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ma na biyun ba daga sama ya tsinci maganarsa ba. Samanja muƙami ne na soja, kuma ba kowane mai horar da kurata ne ke riƙe da shi ba. Da kalmar ta fito daga bariki ta shiga gari, sai ta zama laƙabin mutum mai tsanani wanda tsananinsa yake da tsari da ƙa'ida. Wannan tsarin shi ne ya raba ta da mugu, kuma shi ne abin da nake so in fi tsayawa a kansa.

Asalinta daga Ingilishi ne, wato sergeant major. Sojan Ingila ba ya furta kalmomin nan biyu a cike, yakan haɗiye tsakiyar ta farko ya manna ta da ta biyu, kunnen Bahaushe kuma ya ɗauki abin da ya ji ya gyara shi daidai da bakinsa, ya zama samanja. Harafin n da ya shiga tsakiya shi ne dai wanda ya shiga cikin manjo. Ba ta da wata alaƙa da manjan miya, duk da kamar da sauti ya yi. 'Yan uwanta da suka shigo Hausa ta wannan ƙofa suna da yawa: soja, saje, kofur, kurtu, hafsa, kyaftin, kanar, fareti, bataliya, gadirum, har da ita kanta bariki.

Ba banza aka samu tarin kalmomin soja a Hausa haka ba. A 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wasu 'yan tsirarun masu jin Hausa a Legas ya ba su bindiga, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga nan take ƙirga asalinta. A 1897 aka ba Lugard aikin kafa rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka daga Arewa suke. Ba dukansu ne Hausawa ba, akwai Barebari da Zabarmawa da Nufawa da Tibi da mutanen ƙabilu da dama, amma Hausa ce ta haɗa su. Ita ce harshen bariki har zuwa zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma akan buƙaci hafsoshi Turawa su ci jarrabawar Hausa. A ƙasar da yanzu ake kira Gana ma an yi rundunar da ake kira ta Hausawa. Umarnin fareti da sunayen muƙamai na Ingilishi ne, sauran zance kuwa Hausa ce, irin wadda ake kira barikanci. A cikin wannan cakuɗuwar aka haifi samanja.

To mene ne aikinsa? Soja kashi biyu ne. Akwai hafsoshi, masu anini a kafaɗa, daga ƙaramin laftana zuwa janar. Akwai kuma sauran sojoji, waɗanda ake gane girmansu da igiya a hannun riga: mai igiya ɗaya, kofur mai biyu, saje mai uku, sannan a hau zuwa manyan da suka wuce igiya. Daga cikin waɗannan manyan ake zaɓar samanja. Kowane kamfani na sojoji yana da samanjansa, kowace bataliya kuma tana da babban samanja guda ɗaya tak, wanda sojoji ke kira RSM. A tsarin yau kujera ce ake naɗa mutum a kanta, shi ya sa za ka ga mutum biyu da girma ɗaya, ɗaya samanja ne ɗaya kuwa ba shi ba ne.

A ƙa'ida, ƙaramin laftanan da ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna jiya ya fi samanja girma, kuma samanja ne zai sara masa, ko da ya haife shi. Amma duk laftanan da ke da hankali ya san inda zai tsaya. Samanja ya shekara ashirin ko fiye a cikin kaki, ya san kowane soja da sunansa da halinsa, ya san wanda matarsa ba ta da lafiya da wanda bashi ya yi wa katutu, kuma ƙofarsa a buɗe take zuwa ofishin kwamanda. Filin fareti nasa ne. Tsabtar bariki, gadi, shiga da aski, gogewar takalmi, zuwa a kan lokaci, wanda za a kai gadirum, wato ɗakin tsare soja mai laifi, da wanda za a gurfanar gaban kwamanda, duk ta hannunsa suke bi. Sandar nan da ake ganinsa da ita a hammata ma ba ta duka ba ce. Tana buɗewa gida biyu, da ita yake auna tsawon taku, wanda a tsarin da aka gada daga Ingila inci 30 ne, da tazarar da ke tsakanin sahu da sahu. Mutum ne da aikinsa ya ginu a kan awo: taku kaza, minti kaza, maɓalli a nan ba can ba. Kuma kafin ya auna kowa, shi ne zai fara zama daidai da ma'aunin. Ba a taɓa jin samanjan kirki da ya makara fareti, ko ya fito da riga a yamutse yana yi wa wani tsawa a kan tasa rigar ba. Ranar da ya yi haka, girmansa ya zube, ko da kujerar tana nan.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da mutanen gari ba su cika sani ba. Samanja ne bakin ƙananan sojoji a wurin kwamanda. In abinci ya lalace, in an danne wa wani haƙƙinsa, in wani hafsa ya wuce gona da iri, shi ake sa ran zai shiga ya faɗa. Sojan da ya tsorata da tsawarsa da safe, shi ne zai nufi wurinsa da yamma in ya shiga matsala. Shi ya sa tsofaffin sojoji in suna ba da labarin samanjansu za ka ji tsoro da ƙauna a murya ɗaya.

Amsar tambayarka ta biyu ke nan: a'a, ba kowane mai horarwa ne samanja ba. A cibiyar horar da kurata ta Zariya, wadda aka kafa a 1924 kuma har yau take yaye sojoji bayan horon kimanin wata shida, waɗanda ke wuni da kurata a rana suna koya musu taku da juyi da riƙon bindiga galibi kofur-kofur ne da saje-saje. Su ne masu yawan ihu. Samanja yana sama da su, yana duba masu horarwar kansu, kuma in ya ɗaga murya sau da yawa a kan saje take sauka kafin kurtu. Waɗanda suka yi bautar ƙasa sun ga ƙaramin misalin wannan a sansanin mako uku: sojoji da yawa ke koyar da fareti, amma mutum ɗaya ne in ya fito fili kowa ke ƙamewa. Mutanen gari ne suka faɗaɗa kalmar har ta rufe duk wani soja mai tsawa, kuma ba laifi ba ne a hira. A rubutu ne ya kamata a kiyaye.

Nauyin da kalmar take da shi a kunnen dattawa yana da tarihi. A mafi yawan zamanin mulkin mallaka baƙar fata ba ya zama hafsa. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Najeriya anini, kuma da yawa daga cikin na farkon sun fito ne daga cikin manyan masu igiya. Aguiyi-Ironsi, misali, ya riƙe samanjan kamfani kafin ya zama hafsa a 1949. Kafin wannan lokaci, samanja ne ƙarshen hawan ɗan ƙasa. Duk abin da hafsa Bature yake so a yi, ta bakinsa yake fitowa, duk kukan da sojoji ke da shi kuma ta bakinsa yake komawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Chari Maigumeri, mutumin ƙasar Borno, wanda ya yi wa Jamusawa aikin soja a Kamaru lokacin yaƙin duniya na farko, aka kama shi, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya zama babban samanja, ya yi yaƙi a Habasha da ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, ya yi ritaya a 1953 aka ba shi girman kyaftin na karramawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Irin waɗannan mutane in sun koma garuruwansu, sunan muƙamin ne ke bin su har kabari: Samanja wane, Saje wane. Akwai gidajen da har yau da sunan ake kiran su.

Inda abokin aikinka na biyu ya samo tasa fahimtar ma a tarihi yake. An hana bulala a rundunar Ingila tun 1881, amma aka ci gaba da dukan sojojin Afirka a rundunonin mulkin mallaka har cikin shekarun 1940. Ko bayan an hana, gwale-gwale bai tafi ba: tsallen kwaɗo, birgima a taɓo, gudu da kaya a ka cikin rana. Daga baya, a shekarun mulkin soja, farar hula ma ya ɗanɗana irin wannan a bakin titi da layin mai. Wanda abin da ya sani game da soja ke nan, in ya ji samanja, bulala zai tuna. Ban ga laifinsa ba. Sai dai wannan cin zali ne da aka yi da kaki, ba shi ne ma'anar muƙamin ba, kuma mafi yawan masu yin sa a titi ba samanjoji ba ne.

Wanda ya shigar da kalmar kowane gida kuwa shi ne marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja kuma ma'aikacin gidan rediyo da talabijin a Kaduna, da wasan kwaikwayonsa na Samanja Mazan Fama da ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980. Ya rasu a watan Nuwamba na 2023, kuma mutane da yawa ba su ma san sunansa na yanka ba sai a sanarwar rasuwarsa. Samanjan da ya nuna mai tsawa ne, mai faɗa, mai cakuɗa Hausa da Turancin bariki, amma ba wanda ya kalle shi ya tsane shi. Wannan ya sassauta kalmar ƙwarai. Ɗalibanka ba su ga wasan a lokacinsa ba, amma daga bakin iyayen da suka gani suka gaji laƙabin, tare da ɗan murmushin da ke biye da shi.

Yanzu ga yadda ake amfani da ita a kan farar hula. Za ka ji an ce, shugaban makarantar nan samanja ne, ƙarfe bakwai da rabi yake rufe ƙofa. Ko a ce, kakarmu samanja ce, ba mai kwana bai yi sallar isha'i ba. Ko ma'aikatan asibiti su ce da babbar jami'ar jinya samanja saboda ba ta yarda a bar gado a hargitse. In ka lura, kowane misali yana ɗauke da doka sananniya da mutum yake tsarewa: lokaci, salla, tsabta. Kalmar tana buƙatar abu uku kafin ta zauna daidai. Mutumin yana da waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa. Abin da yake tsanantawa a kai ƙa'ida ce da kowa ya sani tun kafin a karya ta. Kuma ba sani ba sabo, ɗan shugaba da ɗan mai gadi hukuncinsu ɗaya. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, Hausa tana da wasu kalmomin da suka fi dacewa. Wanda ke faɗa ba dalili, yau ya yi dariya a kan abu gobe ya yi duka a kansa, masifaffe ne. Wanda ke saurin hawa amma ya sauka nan da nan, mai zafin rai ne. Wanda ke jin daɗin wahalar na ƙasa da shi, mugu ne. Wanda ke hukunta talaka ya kau da kai ga mai gata, azzalumi ne. Ba na jin daɗi in na ji an kira irin waɗannan samanja, domin an ba su rigar da ba tasu ba, an kuma ɓata sunan mutanen da suka riƙe muƙamin da gaskiya.

Wani abin da ke kawo ruɗani shi ne kalmar horo. A Hausa, an ba shi horo na iya nufin an koya masa aiki, yana kuma iya nufin an hukunta shi. Kurtu yana karɓar horo wata shida, ɗalibin da ya tsallake katanga shi ma an yi masa horo. Samanja yana tsaye ne daidai inda ma'anonin nan biyu suka haɗu, kuma abin da ake auna shi da shi shi ne ko hukuncin nasa yana koyarwa. In yaro ya fito daga hannunka ya san abin da ya yi, ya san abin da zai yi gobe don kada ya dawo, horo na farko ka ba shi ko da ya ji jiki. In ya fito bai san komai ba sai cewa kai abin gudu ne, na biyun kawai ya samu.

Ba Hausa kaɗai ta ɗauko irin wannan laƙabi daga bariki ba. Masu Ingilishi suna ce wa mai tsananin bin doka martinet, daga sunan Jean Martinet, hafsan Faransa da ya tsara horon sojan ƙasa a zamanin Sarki Louis na 14, wanda harbin igwar rundunarsu ya kashe a garin Duisburg na Jamus a 1672. Amma tasu kalmar suka ce kusan zalla, tana nufin mai manne wa ƙananan dokoki ko da ba su da amfani. Samanja ba ta kai nan ba, saboda haka mai fassara kada ya ɗauka ɗaya ce madadin ɗaya kai tsaye. A Nijar kuma, inda sunayen muƙamai suka fito daga Faransanci, wanda ya fi kusa da wannan matsayi shi ne ajudan, kuma su ma Faransawa suna kiran mutum mai yawan ba da umarni da wannan suna.

Ta fuskar nahawu ba ta da wahala. Namiji ce a asali, jam'inta samanjoji, kuma tana ɗaukar -n ta mallaka: samanjan bataliya, samanjanmu. In an siffanta mace da ita ba a sauya mata siga, sai dai a ce samanja ce. In laƙabi ce ko tana gaban suna, da babban baƙi ake rubuta ta. In muƙamin ake nufi gaba ɗaya, da ƙarami. Wajen kiran soja na gaske kuma a yi hattara. Ka kira kofur ko saje samanja, zai ɗauka ka girmama shi ko kana neman alfarma. Ka kira kyaftin ko manjo da ita, ka sauke shi daga sahun hafsoshi, kuma ba zai ji daɗi ba. Ga 'yan jarida da masu fassara, in labari yana magana a kan sojan da ke koyar da kurata ba tare da an faɗi muƙaminsa ba, a rubuta mai horar da kurata. In ana son nuna halinsa a ƙara mai tsanani ko wanda ba ya ɗaukar wargi. A ajiye samanja sai inda aka tabbata shi ne.

Saura naka, Malam. Kalmar da kanta ba za ta gaya maka abin da yaran ke nufi ba, abin da suke haɗa ta da shi ne zai gaya maka. In abin da ke yawo shi ne, ku yi sauri Samanja na bakin ƙofa, ko Samanja ba ya karɓar uzuri, to tsare lokaci da doka suke nufi, kuma wannan shi ne aikin da aka ba ka. In kuwa ana cewa yau Samanja ya tashi da fushi, kowa ya yi ta kansa, to sun fara ganin hukuncinka yana bin yanayin zuciyarka, kuma wannan ya cancanci ka zauna ka duba. Akwai alama ta biyu da ta fi wannan ƙarfi: wa yaro yake nufa in an sace masa kuɗi a ɗakin kwana, ko wani babban ɗalibi ya matsa masa, ko zazzaɓi ya kama shi da dare? In ƙofarka yake bugawa, ɓangaren aikin samanja na biyu ma kana yin sa. In yana kewaye ka ya je wurin wani malami, tsawar ta yi yawa har ta rufe hanyar kawo kuka.

Shawarata kada ka hana su sunan, kada kuma ka nuna ka ji. Laƙabin ɗalibai in an yaƙe shi ƙara kama ƙasa yake yi. Abin da ke hannunka shi ne ka rubuta dokokin ɗakin kwana da hukuncin kowacce ka manna inda kowa zai gani, ka riga su zuwa duk inda ka ce a zo a kan lokaci, ka bar duka da gwale-gwalen da zai iya yi wa yaro lahani, sannan ka ware wani lokaci a mako da kowane ɗalibi zai iya samunka shi kaɗai ya faɗi damuwarsa ba tare da shugabannin ɗalibai suna wurin ba.